Ba Mai Musu da Mai Firam

Shagon Mai Firam bai fi ɗakin girki faɗi ba. Teburi ɗaya ne, da abin yankan gilashi, da gwangwanin ƙananan ƙusoshi, sai hotunan aure da na gama makaranta jingine da bango, waɗanda masu su suka manta da su. Tun yana saurayi yake wannan sana'a, kuma ba hoton da ya sa wa gilashi a rayuwarsa kamar na mata biyu: marigayiya matar tsohon sarki, da matar sarki mai ci.

Shi ɗan gani-kashe-nin marigayiyar ne. A cewarsa 'yar babban gida ce, har ta koma ga Allah ba wanda ya taɓa jin muryarta a rediyo, kuma haka ya kamata matar sarki ta kasance. Ta yanzu kuwa, wadda ma'aikaciyar jinya ce kafin aure, mai tuƙa motarta da kanta, mai dariya har a ga dasashinta, cewa yake ta zubar wa gidan sarauta kwarjini. Matarsa ba ta taɓa yarda da ko kalma ɗaya ba. Kullum in ta kawo masa abincin rana sai ta zauna a benci ta ce shirun marigayiyar ba kunya ba ce, girman kai ne, ta tambaye shi asibiti nawa shirun ya gina. Ya ce ai mutunci ba bulo ba ne. Ta ce to gobe mutuncin ya dafa masa abinci, ta janye kwanon. Haka suka tsufa, maƙwabta na jiyo su ta bango suna dariya.

Bara matar tasa ta rasu, bayan gajeriyar jinya.

An yi masa gaisuwa, an ba shi haƙuri, amma ba wanda ya gaya masa cewa daga ranar mutane za su daina musu da shi. Telan da ke shagon kusa, wanda da can yake leƙowa ya taya matar faɗa, yanzu duk abin da tsohon ya faɗa sai ya ce gaskiya ne, Baba. 'Yarsa ma in ta kira waya haka take. Tausayi ne, ya sani, amma tausayin nan ya fi ciwon bayansa damunsa. Har gwaji ya yi: wata rana ya juya ya yabi matar sarki mai ci, da kalmomin matarsa sak. Tela ya gyaɗa kai ya ce wallahi haka ne. Ranar nan ya rufe abincinsa bai ci ba.

Wata safiya wata dattijuwa mai tabarau ta shigo da hoton matar sarki mai ci a leda, gilashin ya tsage. Ya karɓa ya auna, amma bakinsa bai bar shi ba. Ya ce da ta bar shi haka, wataƙila tsagar ta rage wannan dariyar, don marigayiya mai shiru ba ta taɓa washe baki haka ba.

Matar ta dube shi daga sama har ƙasa. "Malam, gilashi na zo ka sa mini, ba ra'ayinka na zo saye ba. Wannan da kake rainawa ita ta yi jinyar ƙanwata tun ba ta san hanyar fada ba. Taka mai shirun, wa ta taɓa riƙe wa hannu?"

Wani daɗi ya ratsa shi har yatsun ƙafa. Ya mayar, ta mayar. Ya ce asali, ta ce asalin banza. Ya ce natsuwa, ta ce gunki ma a natse yake. Da gangan ya riƙa jan aikin, yana goge gilashin da ba ƙura a kansa, don kada ta tafi. Da ya ga ta fara duba agogo sai ya ruɗe, ya nemi abin da zai ƙara rura wutar, ya ce ai kowa ya san kwaɗayi ne ya kai ma'aikaciyar jinya fada. Shi kansa bai yarda da maganar ba.

Fuskar matar ta sauya. Ta zare hotonta daga ƙarƙashin hannunsa, ta ce ko shagonsa kaɗai ya rage a duniya ba za ta sake tako shi ba. Ya bi ta har bakin ƙofa yana so ya ce ta dawo gobe, bai gama ba, amma ta riga ta tsayar da tasi. Sabon gilashin yana kan teburi, an yanka shi daidai hoton da ya tafi.

Tela ya fito da almakashi a hannu. "Rabu da ita, Baba. Kai ke da gaskiya."

"Ba ni da ita," in ji tsohon. "Ka ji abin da na faɗa kuwa? Don Allah ka ce mini ba ni da ita."

Tela ya sosa ƙeya, ya dubi ƙasa. "To, Baba, yadda ka ce."