Ramin Panas Ranar Bikin 'Yan'uwantaka

Maƙwabcina Panas ya fi kowa tsawo a gonar gwamnatin ƙauyenmu, nan Yukren. Duk shekara ranar biki, shi ake sanya wa riga mai ado, ya miƙa burodi da gishiri na maraba ga baƙo daga Rasha. To Rasha ce babban wa, haka aka zana a bango, ga shi baƙon gajere ne. Sai shugaban gona ya sa aka haƙa wa Panas rami ya riƙa tsayawa ciki don kada ya fi baƙon tsawo, in ya ƙi a ƙwace taraktarsa.

Nakan ce, "Dogo, bana ma an dasa ka? Yaushe za ka yi fure?"

Yakan ce, "Ƙafa dai ke sanyi, Marusiya."

Har ya tsufa yana tuƙa taraktar.