Sunaye Ɗari da Tamanin da Bakwai

Ka taɓa ganin 'yar kibiyar nan ta fuskar kwamfuta tana yawo ita kaɗai, tana buɗe takardu tana rufewa, alhali babu hannun kowa a kusa? Ranar da Malam Mato ya fara gani, sai da ya ja kujerarsa baya taku biyu.

Mato sakataren ƙungiyar makiyaya ne a wani ƙauye cikin kwarin Tarka. Shekararsa sittin da uku, aji shida ya yi a lakwal, wato makarantar boko, da yatsa ɗaya yake buga rubutu. Ofishinsa ɗaki ne a cikin gidansa: tebur, kwamfuta, batir ɗaya da sola ke cikawa, sai akwatin rezo, mai kamo intanet, mai fitilu huɗu, eriyarsa ɗaure a kan aduwa. Mai motsa kibiyar kuwa Adawiyya ce, ma'aikaciyar ƙungiyar a Tanut, wadda ke kula da kwamfuta goma sha ɗaya daga kujerarta. A karanto mata lambobi tara da kalmar sirri, ta shiga na'urar mutum daga nesa ta gyara abin da ya tsaya.

Cikin shekara huɗu ta shiga ta Mato sau ɗari da sittin da biyu. Ido da ido sau biyu kacal suka haɗu.

"Ɗiyata, turo aljanin nan naki, takardar ta ƙi fita," haka yake buɗe magana.

"Baba, fara duba batir. Fitila nawa ke ci a akwatin?"

"Uku. Ta huɗun ta tafi kiwo."

Tambayoyinta ba sa sauya jeri: wuta, fitilu, lamba. Tana da ɗan littafi da take rubuta dalilin kowace yankewa. A shafin Mato, sau tara akuya ce ta tauna waya, sau goma sha huɗu iska ta juya eriya, sau shida ya lulluɓe akwatin da zane don kada ya yi datti har ya yi zafi ya mutu. A watanni takwas na ƙarshe ya koma kiran ta da salular matarsa, Inna Rahamatu. Ya ce tasa ta fara kurumcewa kamar mai ita. Adawiyya ta yi dariya, ba ta rubuta wannan ba.

Bara damina ta yi gardama, ciyawa ta ƙare tun kafin bazara. Wata ƙungiyar agaji ta ce za ta ba da dusa da angurya, amma sai ga gidan da sunansa da yawan dabbobinsa suka iso kafin sha biyun ranar Alhamis. Gida ɗari biyu da arba'in ne a hannun Mato. A bakin rijiya da ranar kasuwa yake jin bayanin kowa, ya riƙe a ka, ya dawo ya buga.

Ranar Laraba Adawiyya ta gwada shiga sau goma sha bakwai, na'urar tana ce mata babu kowa a can. Ta kira salular Rahamatu ba a ɗauka ba. Sai da safiyar Alhamis, ƙarfe tara da kwata, aka ɗauka.

"Malam ya rasu shekaranjiya, ɗiyata. Ya dawo daga rijiya ya ce ƙirjinsa."

Adawiyya ta yi ta'aziyya. Ta dubi agogo. Me za ta ce wa matar da ta shiga takaba kwana biyu da suka wuce? Ta dai faɗa mata zancen sunayen da ke cikin kwamfutar, tana jin nauyin kowace kalma.

"Gaya mini abin da zan taɓa," in ji Rahamatu. "Ɗakin cikin gida yake."

Suka bi jerin. Batir a cike. Kwamfuta ta tashi. Fitila biyu ke ci, biyu a mace. A kashe, a ƙirga talatin, a kunna. Biyu dai. Aka duba waya daga ɗaki har gindin aduwa, lafiya lau. Sha ɗaya saura minti ashirin, Adawiyya ta ce a juya akwatin a buɗe ɗan murfin da ke bayansa.

"Babu komai a ciki."

"Inna, akwai ɗan kati kamar farce. Sim."

"Au, shi? Ai na salularsa yake cirewa ya sa, in ya gama ya mayar. Naku ya daɗe da mutuwa. Ya ce ba zai ɗora miki wata wahala ba."

Salular mamacin tana ƙofar gida, wurin zaman makoki, a hannun Jika, ƙanen Mato. Shekara goma sha huɗu Mato yana da lambar nan, duk makiyayan yankin sun haddace ta, kuma tun ranar Talata ba ta huta ba. Rahamatu ta aika maƙwabciya ta kira shi bakin zaure, ta miƙa masa tata salular.

"Mutane na kira daga Agadas, daga rugage, su ji layin mamaci a kashe?" in ji Jika. "A ce mun rufe ƙofa kwana biyu da rasuwa?"

Adawiyya ta ce, "Baffa, minti goma sha biyar. Waɗanda ke kiran nan, sunansu ne a cikin kwamfutar."

Jika ya buɗe bayan salular Mato. Sannan ya nemi allura ya ciro sim ɗin da kansa.

Fitila ta uku ta kama, ta huɗu ta yi ƙifce-ƙifce ta tsaya. Rahamatu ba ta karatun boko, Jika ne ya karanto lambobin, ya yi kuskure sau biyu. Sha ɗaya da minti arba'in da ɗaya fuskar na'urar Mato ta bayyana a gaban Adawiyya. Takardar na nan. Ta gangara ƙasa tana ƙirga. Ɗari da tamanin da bakwai. A layi na gaba an rubuta "Sidi ɗan", sai fili.

"Baffa, Sidi ɗan wa?"

"Sidi huɗu gare mu."

Jika ya yi ƙoƙari. Ya san fuskoki, ya san laƙabi, amma bai san wa aka riga aka rubuta ba, bai san awaki nawa ko shanu nawa suka rage wa kowa ba. Sha biyu saura minti huɗu ta aika abin da ke akwai. Ta ce a mayar da sim ɗin. Tana ji, kafin Jika ya rufe bayan salular har ta fara ƙara.

Gida hamsin da uku ba su samu dusa ba. Waɗanda suka samu sun ɗiba musu abin da suka iya, bai kai ba. Rahamatu ta gaya mata daga baya cewa kafin ruwan fari ya sauka, ɗaya daga cikin Sidin huɗu ya rage da saniya biyu cikin goma sha ɗaya. Babu wanda ya san ko shi ne Sidin da Mato ya fara rubutawa.

In akwai na'urar da mutum ɗaya tak ya san tashinta a wurin aikinka, gwada wannan yau. Kira mutum na biyu, ka koma gefe ka harɗe hannu, ka bar shi ya kunna, ya duba fitilu, ya buɗe murfin baya, ya karanto lambar har a shigo daga nesa. Ka riƙe agogo. Duk inda ya tsaya, rubuta a takarda ka liƙa a bango.