Kyamarar da Alhaji Wadud Ya Nema

Mudassira jikar fataken goron Salaga ce, amma ita gyaran kwamfuta take yi a Yendi. Wata rana Alhaji Wadud, dillalin hatsi, ya sa ta haɗa masa kwamfuta a cikin intanet, wadda ma'aikatansa mata za su riƙa shiga daga gidajensu a Bawku. Tana gama gwadawa sai ya matso, ya rage murya.

"'Yata, saita min yadda zan riƙa kallonsu ta kyamara ba su sani ba."

Mudassira ta ce, "Haba Alhaji, ka haife su fa!"

Ta goge aikin a gabansa, ta buga wa matan waya ta faɗa musu. Har yau ba ta gaishe shi.