Hoton Inna a Shagon Tela

Shekarar da fari ya cinye shanun Fulanin Roni, a shekarar aka yi wa maigidana ƙarin albashi. Akawu ne a Kazaure. Ya sayo babur da rediyo mai kaset, ni kuma ya cika min ɗaki da samira. Kuɗin mai ne, in ji shi, kowa zai samu rabonsa.

Inna dai ba ta samu ba. Bafulatana ce mai kawo min nono tun ina amarya, daga rugarsu ta bayan duwatsu. A haife ta haife ni, shi ya sa nake ce mata Inna, ita kuwa matar akawu take kirana. Da shanun suka mutu ba ta fasa zuwa ba, ƙwarya a ka, an rufe da faifai kamar da nono a ciki. Ba ta taɓa cewa tana jin yunwa ba. Nakan zuba ɗumame in kai ɗakin girki in ce, "Inna, taya ni duba wutar nan," sannan in saki asabari in ba ta wuri. Su Fulani ba sa cin abinci a gaban mutane, balle babbar mace mai surukai.

Wata Laraba da hantsi maigidana ya shigo da baƙuwa, wata Baturiya mai ɗaukar hoto. Yawo take tana ɗaukar abin da farin ya yi, kuma tana son ganin mata a cikin gida. Ya ce mata matarsa ta yi sakandare, tana jin Turanci. Gaskiya na ji daɗi. Rabona da Turanci tun makaranta, sai ga shi yana fita daga bakina, maƙwabta suna leƙe ta katanga.

Muna cikin hira Inna ta yi sallama. Baturiyar ta kafe ta da ido, ta tambaye ni labarinta, ni kuwa na zazzage mata komai, har da maganar ɗakin girki. Ta ce tana son hotonta.

Da na gaya wa Inna sai ta yi dariya. "Ni kuma, da wannan tsumman? Ce mata ta bari in je in ɗauro zanen sallata, in sa awarwarona. Ai ba a kai mutum ƙasar Turawa ba wanka."

Baturiyar ta ce a'a, yadda take ɗin nan take so, kuma tana cin abinci. Ta ce mutanen ƙasarsu ba sa ba da taimako sai sun ga yunwa da idonsu, hoto ɗaya zai iya kawo buhunan hatsi. Ba muguwa ba ce, har hawaye na gani a idonta. Na san in na faɗa wa Inna haka za ta ɗauki ƙwaryarta ta fita. Sai na ce, "Ta yarda, Inna, sai kin yi kwalliya. Shiga ki duba min wutar."

Ta shiga. Ni da hannuna na ɗaga gefen asabarin.

Bayan 'yan watanni aka fara rabon wata jar dawa ta ƙasar waje. Ko hoton ne ya kawo ta, ko ba shi ba, Allah masani. Na riƙa gaya wa kaina shi ne, don in samu natsuwa a salla.

Sai wani abokin aikin maigidana ya sayo mujallar Turanci a Kano, ga Inna a shafi guda cur. Tana tsugune, ɗankwali ya zame, loma a bakinta. Mujallar ta zaga ofis, daga nan ta faɗa hannun wani tela a kasuwa, ya yanke shafin ya manna a bangon shagonsa tare da hotunan 'yan ƙwallo da na ɗinki. Shi a wurinsa abin alfahari ne, 'yar garinmu ta fito a takardar Turawa. Ranar kasuwa mijin 'yar Inna ya je ɗinkin riga ya gani. Mutumin da shekara goma ko ruwa ba ta taɓa sha a gabansa ba.

Na roƙi maigidana ya je ya sa a cire. Ya dawo da shafin a aljihu, yana cewa, "To wannan ɗaya ne. Sauran dubban da ke duniya fa, wa zai cire?"

Sati uku Inna ba ta zo ba. Ranar da ta zo ta tsaya a tsakar gida, ta ƙi tabarma.

"Matar akawu, me matar nan ta ce a ranar? Faɗa min yadda ta faɗa."

Na faɗa mata duka, har wanda ya ɗaga asabari. Ina kuka ina cewa ta yafe min, don a samu hatsi na yi.

"Jikokina biyu na binne a farin nan," ta ce. "Da kin gaya min hoton zai kawo wa sauran abinci, da na ci a gabanta, har in suɗe kwanon. Amma da ni ce na bayar. Ku masu boko, ku kuka bayar da ni."

Na ce, "Inna, ki yafe min saboda Allah."

"Na yafe. Allah ya rufa miki asiri."

Wannan addu'ar ta fi min zagi zafi. Na ɗebo gero zan zuba mata, ta ce a bar shi, ta gode.

Da kaka ta yi na aika rugar da turmin atamfa. Aka dawo min da shi, wai sun tashi sun yi kudu, ita da ƙaninta. Ba ta bi gidan 'yarta ba, ta ce ba za ta iya haɗa ido da surukinta ba. Na sa an tambaya har Gwiwa da Babura, ko wani ya san inda suka sauka. Babu wanda ya sani.