Tsohuwa Mai Ƙifta Fitila

A rumfar gyaran waya ta Zdravko, nan kasuwarmu ta Plovdiv, wata tsohuwa tana tsaye, makullin mota rataye a wuyanta. Hannuwanta sun yi kaushi, ina jin barkono take kawowa daga ƙauye. Na'urar nuna hanya take miƙa masa, don ya sa mata gargaɗin kyamarorin kama masu gudu.

"Haba Inna, da girmanki? Ki rage gudu mana."

"Wa ya ce maka gudu nake? Shekara arba'in ina ƙifta wa motocin da ke tahowa fitila in na ga ɗan sanda laɓe, don su rage gudu. Yanzu sun mayar da shi kyamara, sun ɗora kan falwaya, idona ba ya kaiwa. Sa mini, ɗana. Ta yi ƙara, ni in ƙifta."