Hannun da Ba Wanda Ya Karɓa

Na yi ritaya daga sashen wasanni na ƙaramar hukuma, amma har yau idan yaran ofis suka kaure da gardamar wane ne gwanin 'yan dambe, rana guda ce take faɗo mini, ranar da na ja Darakta zuwa dandali.

Lokacin ina babban jami'in wasanni, Darakta ne kawai a samana. Bayan girbi aka ba mu gurbin koci guda ɗaya, wanda zai riƙa koyar da matasa dambe da albashin wata. Umarnin ya ce a ɗauki ɗan damben da ya fi kowa, ba ruwansa da nauyi. To, a nan rigimar take, domin a gasarmu sikeli ne yake raba mutane, masu nauyi daban, marasa nauyi daban, kuma ba sa haɗuwa.

Mutum biyu ne a gabanmu. Akwai Sale Bajimi, mahauci a Kasuwar Shanu, ƙato ne wanda sai ya sunkuya yake shiga ofishina. A dambe, idan ka sa gwiwar mutum ko hannunsa ya taɓa ƙasa, ka yi kisa ke nan, kuma ba wanda ya kai Sale kisa a Potiskum. Kofunan da ke kan kabad ɗin Darakta yawanci shi ya kawo su. Sai Gimba, manomi daga Mamudo, siriri kamar karan dawa. Kisansa kaɗan ne, kofinsa ɗaya tal. Amma ni na san abin da idona ya gani. Gimba yana karanta kafaɗar mutum kafin naushi ya taso, ya goce, ya dawo ta inda ba a zata ba. Sunansa na rubuta na miƙa wa Darakta.

Darakta ya karanta ya cire tabarau. Ya ce, "Malam Idi, gwaninta a bakinka take, kofi kuwa ga shi ana gani. Idan Ciyaman ya tambaye ni dalili, in ce masa me? Tafiyar ƙafarsa ce ta burge ka?"

Gaskiyarsa ce, ban musa ba. Na dai ce, "Yallaɓai, ka ba ni yammacin ranar kasuwa, sannan ka sa hannu a duk sunan da ka ga dama."

Damben ranar kasuwa ba na sikeli ba ne, na gargajiya ne. Ɗan dambe yakan naɗe hannunsa da zare, ya zaga fili, ya tsaya gaban wanda yake so ya miƙa masa hannu. Idan wancan ya yarda sai ya tashi, idan bai yarda ba sai ya kau da kai, kuma ba wanda yake rubuta wannan a ko'ina.

Bayan la'asar muka zauna a benci, kalangu yana tashi. Gimba ya fito ya zaga yana miƙa wa 'yan dambe hannu. Na farko ya kau da kai. Na biyu ya sunkuya yana gyara takalmin da ba abin da ya same shi. Har waɗanda suka fi shi jiki suka koma kallon sama kamar masu duban wata. Darakta ya fara gyara zama.

Can sai Lawan, ɗan yayar Sale, saurayi mai tashen ƙarfi, ya zabura zai karɓa. Sale ya miƙa hannu ya cafko shi ta ƙugun wando, ya zaunar da shi daɓas. Fili ya kwashe da dariya.

Darakta ya sa aka kira Sale. Ya ce, "Bajimi, me ya sa ka hana yaron?"

Sale ya ce, "Ranka ya daɗe, da haƙoransa cif na karɓo shi wajen uwarsa, haka zan mayar mata."

"To tsakaninka da Gimba, wa ya fi?"

Sale dai ya san maganar gurbin, kuma ya fi kowa bukatarsa. Gwiwarsa ta fara ba shi matsala, ga iyali. Kalma ɗaya zai faɗa a ba shi, kuma ba wanda zai ce ya yi ƙarya.

Ya daɗe yana murza zaren hannunsa. Sannan ya ce, "In kisa ne, ni ne, kuma kada wani ya raina mini wannan, da jinina na samo shi. Amma ni jiki Allah ya ba ni, Yallaɓai. Yaro ya zo wajena, me zan koya masa? In ce ya ci nama ya yi girma? Wancan kuwa, da yana da nauyina, wallahi ni ma takalmi zan gyara."

Washegari Darakta ya sa hannu a sunan Gimba. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, amma na ji nauyin Sale ƙwarai, har na yi kwanaki ina kauce wa layin mahauta.

Shi ya sa nake gaya muku, ku da kuka gaje mu, kada ku raina kofi, gumi ne. Sai dai takardarmu waɗanda suka faɗi kawai take ƙirgawa, ba ta san waɗanda suka ƙi tashi ba. Idan kuna son sanin gwani, ku bar tebur ku je ku kalli idon 'yan uwansa lokacin da ya miƙa hannu.

Ranar da Gimba ya fara aiki na je fili da sassafe. Na tarar Sale ya riga ni, yana ɗingishi, riƙe da wuyan rigar Lawan. Ya tura shi gaban Gimba ya ce, "Malam, ga shi nan. Ka koya masa abin da ban iya ba."