Inna Kulsumi ta koɗa sinki

Inna Kulsumi dai makoɗiya ce a Argungu, shekara talatin tana wannan sana'a. In dutsen niƙanki ya yi santsi ya daina cin gero, ita za ki kira ta zo da makoɗinta, wani baƙin dutse kamar dunƙulen hannu, ta zauna ƙwas-ƙwas har dutsenki ya sake fidda haƙora. Injin niƙa ya zo, kira ya ƙare. Makoɗin dai bai bar ƙullin zanenta ba.

Da ƙafa ta fara damunta, ɗanta Ja'afar ya ɗauko ta zuwa gidanshi a unguwar Gesse. Nan anka kashe ta da hutu. Ta ɗau tsintsiya, matarshi Kausar ta amshe. Ta taɓa albasa: "Haba Inna, ki huta." Wata biyu, Inna ta yanke a ranta: in babu abin da hannunta zai yi a gidan nan, Juma'a tana motar Argungu, ko da rarrafe.

To Kausar na da sinki, kwamin wanke-wanke na dutse, ba na ƙarfe irin namu ba. Sau ukku ta je shago kafin ta zaɓa, har ruwa ta ɗiga ta ga ko yana sha. Mai shagon ya ce ban da lemun tsami, ban da soson ƙarfe, a goge shi ya bushe. Tana goge shi fiye da fuskarta, wallahi.

Ran Laraba Kausar ta tafi suna Ambursa. Inna ta shiga kicin shan ruwa, ta shafa sinkin. Santsi kamar bayan tarwaɗa. Tausayi ya kama ta: an sayar wa yarinya mataccen dutse, kunya ta hana ta faɗi. Ta kwance ƙulli, ta fiddo makoɗi.

La'asar Kausar ta dawo ta iske sinkinta fari fat, zanzana ko'ina.

"Ɗiyata, taɓa ki ji," in ji Inna. "Wanga dutse na ƙwarai na, gyara ɗai ya rasa."

Kausar ta taɓa. Ta daɗe tana taɓawa.

"Sannu da aiki, Inna."

Suruka ce, mi za ta ce? Ta shige ɗaki. Ja'afar ma da ya dawo ya duba, sannu ya yi, ya fita waje ya tsaya kusa da mota ba ya yin komai.

Washegari manja ya shiga ramukan ya ƙi fita. Anka kira mai famfo ya cire sinkin, anka aje shi bayan gida. Inna ta gane ɓarna ta yi, ba sai an faɗa ba. Ta ɗaure kayanta.

Juma'a da hantsi Kausar ta sayo tarwaɗa, tana kokawa da su a roba, suna zillewa. Inna, jaka a hannu, ta kasa daurewa. Ta kwashe su ta juye cikin koɗaɗɗen sinkin. Kifi ya kwanta, ko motsi, kaushi ya riƙe shi. Ta yanke su tas.

Kausar ta duba kifin, ta duba jakar.

"Inna, akwai saura a firij."

Inna ta aje jakar.

"Kawo. Wuƙar ga taki ma ba ta da kaifi."